Iklima da Ordinater Mai Ƙyalli

Akwai wata yarinya a unguwar Boukoki, cikin Niamey, sunanta Iklima. Yarinyar nan ba ta iya jiran komai ba. Ko shayi aka miƙo mata sai ta ƙona harshe, kullum, kamar ba ta taɓa ganin shayi mai zafi ba. Yayanta Ousmane ma ba ya kiran sunanta, Bakwaini yake ce mata. Wai ko a cikin Inna ba ta tsaya ta cika wata tara ba.

Ta faɗi jarrabawar burebe. Ba don ba ta da kai ba, a'a, ba ta tsayawa ne ta karanta tambaya har ƙarshe.

Babanta tela ne, mutumin Tahoua, ba ya son yawan magana. Ya kama hannunta ya kai ta studiyon ƙanensa Dauda mai ɗaukar hoto, ya ce ta koyi sana'a. A gaban Daudan ya ce mata:

"Ranar da mutum ɗaya ya kawo mini kukan aikinki, ki haɗa kayanki. Tahoua za ki, wajen gwaggonki Habsatu, ki zauna mata shagon kayan miya."

Iklima ta san shagon nan. Daddawa, kuka, busasshen tumatir, da kujera guda da ake zama a kai tun safe har magariba. Kuma Gwaggo Habsatu ba ta yarda a taɓa salula, wayar hannu ke nan, a shago. Ko a mafarki ta ga shagon sai ta farka da zufa.

Ku riƙe wannan maganar ta Baba, za mu dawo kanta.

Abin mamaki, Iklima ta so aikin hoto. Ta so shi sosai. Tana da ido, ko Tonton Dauda ya faɗa. Abin da ba ta so shi ne ɗakin baya.

Ɗakin baya ba shi da taga. Tebur ɗaya, fanka ɗaya mai kukan akuya, da wani tsohon ordinater, kwamfuta ke nan, da kowa ke ce ma Tsoho. A nan ake gyaran hotuna kafin a kai labo a wanke su. Idan ka kunna Tsoho, za ka iya fita ka sayo kopto ka ci ka wanke hannu, ka dawo ka same shi bai gama tashi ba. Ka danna hoto ya buɗe, sai wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, yana juyawa, yana juyawa. Idan aka ɗauke kuran kuwa, wato wutar lantarki, shi ke nan, duhu da zafi, ka zauna kana jin mutane suna dariya a waje.

Iklima takan ji kamar an rufe ta a tukunya an ɗora murfi.

"Tonton, wanga ordinater ya girme ni!"

"To ki gaishe shi da safe mana."

"Wallahi wata rana sai na jefa shi a kogi."

"Ki jefa. Amma ki sani, abin da ya nuna miki, shi takarda ke fitarwa. Bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Ba ta ma ji ƙarshen maganar ba, ta riga ta fita.

Ana nan sai ga Hajiya Zeinabou, wata babbar ƴar kasuwa a unguwar Maourey, asalinta Maradi. Za ta aurar da ƴarta Anisa. Baban Iklima ne ke ɗinka wa danginta kayan bikin, shi ya sa ta zo studiyon ƙanensa.

Hajiya ba ta zauna ba ma. Ta buɗe jaka ta fiddo atamfa ta shimfiɗa a kan tebur.

"Dauda, ka ga wagga? Ita ce inifom ɗin dangin amarya. Wane launi ne?"

"Ruwan goro, Hajiya."

"Madalla. Ba ja ba ne. Ka ji ko? Ba ja ba ne."

Ga abin da ya faru. Kun san dai kowane ɓangare da inifom ɗinsa a biki, ta haka ake gane ƴan amarya da ƴan ango ko daga nesa. Dangin ango sun riga sun zaɓi ja, suka aiko wai a haɗu a sa abu ɗaya, ya fi kyau a hoto. Hajiya ta ce ina! Danginta ba za su ɓace cikin dangin wani ba. Aka yi ta aike, aka yi ta rarrashi, har matan foyandinta, ƙungiyarsu ta adashi, suka rabu biyu a kan maganar. Ba ta motsa ba. Ta zaga kasuwa ba ta samu launin da take so ba, sai da ta sa aka kawo mata daga Lome.

"Albom ɗin nan Maradi za shi," in ji Hajiya. "Tsohuwata ba ta iya tafiya yanzu. Ita da duk wanda bai zo ba, a ciki za su ga bikin."

Da ta tafi, Tonton Dauda ya dubi Iklima.

"Ni zan ɗauka. Ke za ki gyara, duka, ke kaɗai. Lokaci ya yi."

Iklima ta yi tsalle. Sai ta tuna da Tsoho, ta sauko.

A makon nan Ousmane yana gari. Direban babbar mota ne, Niamey zuwa Cotonou, ba ya daɗewa a gida. Ta bi shi ɗaki, ta bi shi bakin famfo, ta bi shi wajen masu shayi, har ya gaji.

"Na ji, Bakwaini, na ji! Mu je in saya miki ordinater naki na kanki. Amma sau ɗaya ne. Aure nake so in yi, ba zan ƙare rayuwata ina saya miki inji ba. Wanda kika ɗauka, ke da shi ne har abada."

Suka tafi butik ɗin wani Abdoulkarim, a Maourey kusa da kasuwa, mai sayar da ordinater na hannu. Ya tambaye ta aikin da za ta yi, ta gaya masa. Ya sunkuya ya fiddo guda biyu.

Na farko baƙi ne, mai kauri, mai nauyi kamar dutsen niƙa, gefensa duk ya goge. Na biyu fari ne, siriri, yana ƙyalli. Irin wanda ƴan gayu ke buɗewa a restoran su yi kamar suna aiki. Ekran ɗinsa, wato fuskarsa, kamar an shafa masa mai.

Iklima ba ta ko kalli baƙin ba.

"Ƙanwata, tsaya in gaya miki gaskiya," in ji Abdoulkarim. "Wanga baƙi Windows ne a kai, irin na studiyonku. Lojisiyel ɗin da kike gyaran hoto da shi zai hau yau ɗin nan, kuma ƙwaƙwalwarsa babba ce, ba zai sa ki jira ba. Wanga fari sistem ɗinsa daban ne. Abin da kika saba da shi ba zai hau ba, sai kin koyi wani daga farko."

"Zan koya."

"Ban ƙare ba. Ekran ɗinsa ba na asali ba ne. Ya fashe a hannun mai shi na farko aka sa masa wani. Yana da haske, amma ban san ko launinsa gaskiya ne ba. Mai rubuce-rubuce ba ruwansa. Ke kuwa launi ne sana'arki."

"Ai ina gani, launinsa ya fi na wancan kyau."

"Kyau daban, gaskiya daban. Ga abin da za ki yi. Ki kawo hoto ɗaya a kile, ɗan abin nan na ɗaukar hotuna da ake soka wa ordinater. Ki gyara shi a kan wanga, ki gyara shi a kan wancan, ki kai labo a wanke miki duka biyu. Wanda takarda ta yarda da shi, shi za ki ɗauka. Zan ajiye miki su har gobe."

"Gobe?"

Yadda ta faɗi kalmar, kamar an ce mata baɗi.

Ousmane ya ce, "Ke, mutum mai kaya yana ce miki ki gwada, kina ƙi? Ni zan bar masa kuɗin in tafi, ki zo gobe ki zaɓa."

"Yaya, ba ka gane ba. In na shiga gidan Hajiya da wanga baƙin abu, za a ce gawayi na zo sayarwa. Mutane da ido suke auna mai hoto."

"Mutane hoto suke so, ba akwatinsa ba."

"Ni dai fari."

Abdoulkarim ya ɗaga kafaɗa. "Na faɗa a gaban yayanki. In ya fita ƙofar nan ba ya dawowa."

Farin ordinater kuwa ya fita. Ta rungume shi a taksi kamar jariri.

Kwanakin farko dai daɗi. Ta bar ɗakin baya. Ta dawo gaban studiyo kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa, inda duk mai wucewa zai gan ta. Ƴan matan layi suka zo kallo. Ko an ɗauke kuran, batir na nan, ita ko a jikinta.

Amma abin bai zo da sauƙi ba. Haruffansa ba inda ta saba suke ba, ta danna A sai Q ya fito. Ba ta san inda hoto ke zuwa ba in ta ajiye shi. Lojisiyel ɗinta ya ƙi hawa kamar yadda aka gaya mata. Ta samo wani a intanet, ta kalli bidiyon koyarwa rabi ta rufe, wai mutumin ya cika surutu.

Aka yi biki. Biki ya yi kyau. Ƴan ango ja wur a gefe guda, ƴan amarya ruwan goro a ɗaya gefen, Hajiya a tsakiyarsu tana juyi. Tonton Dauda ya ɗauki hotuna kamar ba gobe. Da suka dawo, ya fara zuba su a cikin Tsoho, don haka yake yi da kowane aiki, sannan ya ba Iklima katin kamarar.

Ta buɗe hoton farko a farin ordinater. Ta ɓata rai.

Atamfar Hajiya ta yi fari-fari, ta koma kamar ruwan ɗorawa, kamar an wanke ta sau ɗari. Iklima ta ce a ranta, kamarar Tonton ta cinye launi. Ba ta kawo cewa ekran ɗin ne ba ya nuna ja yadda ya kamata ba. Sai ta shiga ƙara ja. Ta ƙara, ta ƙara, har atamfar ta dawo ruwan goro a idonta.

Daga nan ta gano wani maɓalli. Ka gyara hoto ɗaya, ka danna shi, gyaran ya bi sauran duka. Ta danna. Aikin da Tsoho zai yi mako yana yi, ta gama shi kafin la'asar.

"Kin gama?" in ji Tonton Dauda. "Kawo in gani a kan Tsoho."

"Haba Tonton, kai ka ce ni kaɗai."

"To kai guda ɗaya labo a wanke ki duba tukuna."

"Ɓata lokaci ne. Ga shi nan ina gani da idona."

Ya ce, "Aikinki ne."

Ta kai duka labo, ta ce a haɗa albom. Ranar da ya fito an naɗe shi cikin leda mai kyau da ƙyalle. Ta leƙa bangon albom ɗin, hannun amarya ne da lalle, ta ga ai lalle ja ne dama. Ba ta kwance ba. Ta sa farin ordinater a jaka don a gan shi, ta tare taksi sai Maourey.

Ta samu falon Hajiya cike. Ranar foyandi ce, mata sun taru, an ci dambu ana shan bisap. Ta cire takalmi a bakin ƙofa. Aka yi ta matsa mata wuri, wuce nan, wuce can, har ta tsinci kanta a can ƙuryar falo, tsakanin bango da wata mata mai jiki da ake ce ma Tanti Halimatou. Gabanta tebur. Bayan tebur ƙafafun mata, ƙafafun mata, har ƙofa.

"Ƴar tela ce," in ji Hajiya. "Ita ta gyara. Kawo mu gani, ƴata."

Hajiya ta kwance ledar. Ta buɗe shafin farko. Ta buɗe na biyu.

 

Sai ta ɗauko gilashinta ta sa. Ta sake duba. Ta cire.

"Wace ce wagga?"



"Na ce wace ce wagga mai jan kaya da ke rungume da ƴata?"

Tanti Halimatou, wadda dama tana cikin masu cewa a sa ja tun farko, ta miƙa wuya ta leƙa. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Ashe dai kin sa jan daga baya, Zeinabou? Ba ki gaya mana ba."

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka danne. Albom ya fara yawo hannu zuwa hannu. Kowane shafi ja. Ƴan amarya ja, ƴan ango ja, ba ka gane wa ke na wa. Har fuskokin mutane sun yi ja kamar an gasa su.

Iklima ta dubi ƙofa. Tana hango takalmanta a can waje. Ba su taɓa yi mata nisa haka ba. In za ta fita sai ta tsallake mata wajen ashirin, kuma kowace tana kallonta. Ɗakin baya da take kuka da shi, a lokacin nan, da za a mayar da ita can a kulle, da ta gode.

Ta fiddo farin ordinater ta buɗe.

"Hajiya, ki duba, wallahi a nan daidai yake. Ruwan goro ne."

Hajiya ta duba. Gaskiya ne, a ekran ɗin ruwan goro ne.

"To madalla. Sai ki bar mini shi in ɗora a kai, in bi gidajen Maradi ina nuna wa mutane. Shi zan ba tsohuwata ta ajiye a ƙarƙashin matashi?"

Anisa amarya tana wajen. Ta ce a tura mata hoto ɗaya a salula. Iklima ta tura. Anisa ta buɗe, ta juyo mata da salular. Ja wur.

Nan Iklima ta tuna muryar Abdoulkarim. Ta tuna gobe.

Maganar labo tana bakinta. In ta ce su ne suka ɓata, shi ke nan. Amma ga salular Anisa, ai labo bai taɓa ta ba. Kuma ta ga Hajiya ta jawo tata salular tana neman lamba. Ta san lambar wa take nema. Mutumin da ya ɗinka inifom ɗin da hannunsa.

"Hajiya." Muryarta ta fito ƴar ƙarama. "Ba laifin labo ba ne, ba na Tonton ba. Ni ce. An ce in gwada na ƙi. Don Allah kar ki kira Baba. Hotunan asali suna nan ba a taɓa su ba. Ki bar ni in sake."

"Ki sake ki mayar da ni shuɗi?"

Aka sake dariya. Iklima ba ta ɗaga kai ba.

Anisa ta ce, "Mama, ki bar ta. Ba ta yi ƙarya ba ai."

Hajiya ta juya salular a hannunta, ta juya. Sannan ta ajiye.

"Ƙarshen makon nan zan tafi Maradi. In na shiga mota babu albom na gaskiya a jakata, ni da babanki za mu yi magana. Ɗauki wanga ki fita da shi, kar ƴan ango su ji labarinsa."

Aka buɗe mata hanya. Ta bi ta tsakanin ƙafafu tana ba da haƙuri.

Tonton Dauda bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ya buɗe albom ɗin, ya rufe, ya nuna mata ƙofar ɗakin baya da haɓa.

Amma kafin ta shiga akwai abin da take bukata. Ba ta ƙara yarda da idonta ba, ba ta yarda da abin da ta tuna ba. Atamfar take so a hannunta.

Washegari da safe ta tafi shagon Baba ta ɗauki tsintsiya. Ita da ba ta taɓa share shagon nan ba sai an kira ta sau uku. Tana shara tana tona tarin ƙyallaye, har ta ga wani ɗan guntu ruwan goro. Ta dunƙule shi a hannu.

Keken ɗinki ya tsaya.

"Wanga ya yi datti," in ji Baba.

Ya jawo wata leda, ya fiddo ƙyalle mai faɗin tafin hannu, sabo, ya miƙa mata. Bai tambaye ta komai ba. Amma ta ga ya gane.

"Kin taɓa ganin na sayi zare ban tafi da ƙyalle ba?"

"A'a, Baba."

"Kin taɓa ganin na haɗa su a cikin shago?"

Ta tuna. Tun tana ƙarama take ganinsa, yakan ɗauki zare da ƙyalle ya fito bakin ƙofa ya ɗaga su a rana. Ta ɗauka tsufa ne.

"Fitila tana ruɗi," ya ce. "Ki fita rana."

Ya mayar da ƙafarsa kan keken. Kafin ya taka ya ƙara da cewa, "Har yanzu dai ba wanda ya kawo mini kuka."

Ta koma ɗakin baya.

Ta kunna Tsoho, ta zauna ta jira shi ya tashi. Ba ta fita sayen kopto ba. Ta manna ƙyallen a gefen ekran. Ta buɗe hoton asali, zoben ya gama juyinsa, sai ga atamfar Hajiya, ruwan goro, tun farko lafiyarta lau. Kamarar ba ta ci komai ba. Iklima ta ɗora kai a tebur.

Ta gyara ɗaya. Haske kaɗan, inuwa kaɗan. Ta sa a kile, ta taka da ƙafa har labo, ta tsaya aka wanke. Ta fito bakin titi ta ɗaga hoton da ƙyallen a rana. Ya ɗan yi duhu. Ta koma. Ta gyara. Ta sake zuwa. Yaran labo har suka fara ce mata, "Madmazel guda-guda ta dawo."

Da ɗaya ya yi daidai, sai sauran. Kuma ba a bin su da maɓalli ɗaya, don hoton cikin rumfa daban, na tsakar gida daban, na ɗakin amarya daban. Kowane da nasa. Danna, jira. Danna, jira.

Aka ɗauke kuran tana tsakiyar hoton dangi. Duk gyaran ya tafi. Ta zauna cikin duhu da zafi, tana jin ƴan matan layi suna hira a waje, farin ordinater yana cikin jaka kusa da ƙafarta da batir cike. Hannunta har ya kai kan jakar. Minti nawa ne in ta buɗe shi? Ta janye hannun, ta zauna a kansa. Ta yi kuka kaɗan. Kuran ya dawo, ta fara daga farko.

Ousmane ya kira daga hanya.

"Bakwaini, yaya amaryarki fara?"

"Tana jaka."

"Jaka? Mi ta yi?"

"Yaya, ina aiki. Sai anjima."

"Ke ce kuwa? Ba wa Iklima salular."

Wata rana a hanyar labo ta biya ta butik ɗin Abdoulkarim. Ba don komai ba, ta dai leƙa. Baƙin ordinater ba ya nan.

"Wani mai hoto daga Gamkalley ya ɗauke shi," in ji Abdoulkarim. "Ya zo da kile, ya gwada, ya dawo washegari."

Ta wuce labo.

Sabon albom ya fito ana gobe Hajiya za ta tafi. Wannan karon Iklima ta hana a naɗe. Ta zauna a bakin labo cikin rana ta buɗe shafi-shafi, tana ɗora ƙyallen a kan kowane. Ta kai wa Tonton shi ma ya duba. Sannan ta tafi Maourey.

Hajiya ita kaɗai ce a falo. Ta karɓa, ta shiga ɗaki, ta fito da atamfar, ta wuce tsakar gida. Ta daɗe a can. Da ta dawo ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma ɓata rai ba.

"Je ki gida," ta ce.

Iklima ba ta je gida ba, shagon Baba ta tafi. Ta zauna a kan benci tana kallon ƙafarsa a kan keke. Ba a jima ba salularsa ta yi ƙara. Ya duba sunan, ya dubi Iklima, ya ɗauka.

"Salamu alaikum, Hajiya. Lafiya lau. To. To. Ai haka ne. To."

Iklima ta ji ƙamshin daddawa a hancinta, wallahi, kamar tana cikin shagon Gwaggo Habsatu.

Ya kashe. Ya sa salular a aljihu. Ya lashi bakin zare, ya nemi ramin allura, ya rasa, ya sake nema. Ita kuwa ta zauna. Ba ta ce "mi ta ce" ba. Karo na farko a rayuwarta, ta jira.

Sai da zaren ya shiga ya ce:

"Ta ce goro ya fito goro. Kuma wai in gaya miki, Halimatou na son lambarki, ƴarta za ta yi suna."

Ya taka keke.

Iklima ba ta tafi Tahoua ba. Amma ba ta fita ɗakin baya ba, don Ousmane ya ce sau ɗaya kuma sau ɗayan ya wuce. Har yau tana can ita da Tsoho da fanka mai kukan akuya. Duk wanda ya kawo aikin biki, abu na farko da take tambaya shi ne ƙyallen inifom. Bangon ɗakin ya cika da su.

Farin ordinater kuwa yana gaban studiyo a kan tebur, a buɗe, a kashe. In ekran ɗin ya yi baƙi yana nuna fuska sosai. Mata a nan suke gyara ɗankwali kafin a ɗauke su hoto.

Darasi: Kayan aiki ba don idon mutane ake zaɓarsa ba, don aikin ake zaɓarsa. Kafin ka ɗauki ordinater ko wani inji, ka tambayi kanka ko ka iya sistem ɗinsa, ko abin da yake nuna maka gaskiya ne, kuma ka gwada shi da aikinka na gaske. Jiran kwana ɗaya da Iklima ta ƙi, har yau tana biyansa. Ku tura wa duk mai gaggawar da kuka sani, in ma ba zai karanta har ƙarshe ba ku karanta masa.